Rabi Ta Shiga Teku Ita Kaɗai

Yaya Salisu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Hajiya, ya iyali? Mu a nan ƙasar waje, unguwar Parkchester, lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

'Yarka Rabi ta shiga ƙaramin jirgin ruwanta mai tafiya da iska, ta nufi tsibirin Bamuda ita kaɗai. Ranar tafiya ta ce, "Baba, ko rakiya babu?" Ina fushi don ban so tafiyar ba, na ƙi fita. Uwarta ce ta raka ta.

Yau kwana biyu na'urar da ke nuna mana inda take ta yi shiru. Masu ceto sun ce mu jira.

Ka gaida kowa. A yi mata addu'a a masallaci, amma kada Hajiya ta ji. Yaya, ban sa mata albarka ba ta tafi.

Ƙaninka,
Usman