Yau Isiyaku Ya Mutu Sau Huɗu

Daren Asabar, Ƙofar Kuyambana

Alhamdulillahi, mun ɗauki faɗan ƙarshe na fim ɗina. Da safe har na fid da rai, don labarin yana buƙatar 'yan fashi goma sha biyu, amma mutum uku kawai suka zo. Na zuba tagumi a zaure, sai ga Kawu Sule, wanda ya daɗe yana haska fim a silima. Da ya ji damuwata ya kwashe da dariya.

"Haba Auwalu! Akwai wani darakta ɗan Filifin da na sha haska finafinan yaƙinsa. Shi ma ba kuɗi gare shi ba. Mutum ɗaya sai ya mutu sau huɗu, riga kawai ake canja masa."

Muka kwashi riguna da rawuna muka nufi gindin ganuwa. Abokina Isiyaku ya sha faɗuwa har gwiwarsa ta kuje.

Da yamma na nuna wa matarsa abin da muka ɗauka a waya. Ta ƙura ido ta ce, "Wannan mai rawanin wane ne? Wallahi ya fi maigidana iya mutuwa."

Har yanzu haƙarƙarina ciwo yake don dariya.