Jarrabawar da Na Zaɓa wa Baffa Balarabe

Unguwar Ƙurban, Madina
Rajab 1401

Zuwa ga Gwaggo Sabuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gidanmu na Kazaure. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya kawo sauƙi. Mu nan lafiyar jiki lau, sai zafin Madina da ya kama gadan-gadan. Zulaiha ta sami sauƙin laulayi. Ɗanmu Abdussamad kuwa ya zama cikakken Balarabe: a yi masa Hausa ya ji sarai, amma ya mayar da Larabci, har uwarsa ta ce in kika gan shi sai kin ja masa kunne.

Gwaggo, ki nemi wuri ki zauna kafin a ci gaba da karanta miki, domin maganar yayanki ce, Baffa Balarabe, kuma ba mai daɗi ba ce. Kin san sharikar, wato kamfanin, da muke wa aiki ni da shi, masu shimfiɗa bututun ruwa a Harra ta Yamma, inda ƙasar duk baƙin dutse ce, ba a haƙa ta sai da injin fasa dutse. Ni ina ofis, shi kuwa ya daɗe a kan injin. Bana suka kawo sababbin injiniyoyi da ba sa jin Larabci, aka ce kowane ma'aikaci sai ya koyi Turanci da yamma. Za a raba mutane aji uku, don haka sai an fara gwada kowa a san inda za a sa shi. Da yake na taɓa koyarwa a gida, mudirinmu, wato manajan, ya tura mini jarrabawa iri biyu ya ce in zaɓi ɗaya. Ta farko ta takarda ce, a karanta a rubuta. Ta biyu ta kaset ce: a kunna rikoda, murya ta yi tambaya, mutum ya amsa da baki.

Na yi ta juya abin a raina. Kin fi ni sanin Baffa ya iya Turancin baka tun zamanin da ya yi haƙar kuza a Jos, har yakan kwaikwayi Turawan mu yi ta dariya, amma ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. In na ɗauki ta takarda, ajin ƙarshe zai faɗa, ya zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa yana bitar a, ba, ca, da furfurarsa. Ba korarsa za a yi ba, kunya ce kawai, amma ni na ga ba zan iya kallon haka ba. Na zaɓi ta kaset, har ina yi wa kaina kirari a zuci cewa na fitar da Baffa kunya. Ban shawarce shi ba, don ina so ya ga abin alheri bagatatan.

Ranar gwajin aka sa shi a gaban rikodar, ni da mudir muna gefe. Murya ta yi tambaya, Baffa ya yi shiru yana kallon akwatin. Na ƙara ƙarar, ya juyo yana kallon bakina, kamar yana jira in ce an fara. A nan na gane. Ashe injin nan ya daɗe da cinye masa kunne, bakin mutum yake kallo ya gane magana, rikoda kuwa ba ta da baki. Mu kuma duk cikinmu babu wanda ya lura, domin wa yake ɗaga wa babba murya? Kusa muke zuwa mu durƙusa mu gaishe shi, ya amsa gaisuwar da ya san za a yi. In ya yi shiru a taro sai mu ce dattako ne. Garin neman gira, Gwaggo, na rasa ido.

Mudir bai ko bari an gama ba, ya aika shi wurin likitan sharika. Likita ya ce mutumin da ba ya jin gargaɗi ba zai tsaya kusa da inji ba. Na roƙa a mai da shi gadi ko shara, mudir ya ce shi ba gidan sadaka ya buɗe ba. Wallahi da na buɗe baki a lokacin da ni ma na rasa aikin, mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa tsayawa a ranar Harra ba yake faɗa wa Baffa haka. Kin kuma san dokar nan: igama, takardar izinin zama, a hannun kafili take, wato wanda ya ɗauke ka aiki, in aiki ya ƙare zama ya ƙare. Na zaga wurin mutanenmu na Uhudu masu shaguna ko wani zai ɗauke shi a sunansa, kowa ya tausaya, kowa ya ba ni haƙuri. Bayan Hajji Baffa zai taso gida.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kin san Baffa ba don dukiya ya zauna a garin nan ba. Burinsa ɗaya ne, ajali ya riske shi a Madina a kai shi maƙabartar Baƙi'a. Yanzu kullum bayan la'asar yana Harami, ba ya dawowa sai an yi isha, kuma ya daina cin abinci sosai. Na je na durƙusa na yi masa bayanin yadda zaɓin ya kasance, ina magana a hankali yana kallon bakina. Ya ce ya gane don shi na yi, ya dafa kaina ya sa mini albarka. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Don haka ki sa a gyara masa ɗakin zaure, a kuma gargaɗi yara su riƙa fuskantarsa in za su yi masa magana, amma kada kowa ya yi masa ihu a gaban mutane.

Ki gaishe mini da Inna Ƙaltume da Mahmudu da Hawa da yaranta. Zulaiha tana gaishe ki ƙwarai. Baffa ma yana gaisuwa, ya kuma ce lallai in rubuta miki cewa kewar gida ce ta dame shi, shi ya sa ya ajiye aikin da kansa. To ga shi na rubuta. In ya iso ya faɗa miki haka, don Allah ki nuna kin yarda.

Ɗanki,
Lurwanu