Kakannin Gaberkorn Bakwai

Asabar, 6 ga Afrilu, 2019, Karaganda
Na je gaida kakar saurayina Daniyar. Ta cika mini kwano da naman doki, sannan ta ce, "'Yar nan, jero mini kakanninki bakwai." Na ce Viktor babana, na ce Yakov kakana, sai na tsaya cak. Ta ce, "Biyu? Tunkiyata ma ta fi ki sanin asalinta." Aka yi ta dariya, har da ni. A hanya Daniyar ya ce a gidansu ba a sa ranar aure sai an ji bakwai ɗin. Ban san ko wasa yake ba.

Lahadi, 7 ga Afrilu
Ni da nake ɗokin auren nan don in rabu da sunan Gaberkorn. Tun firamare ake tsokanata da shi.

Laraba, 10 ga Afrilu
Daga kantin magani na wuce gidan Gwaggo Emma, yayar Baba. Na tambaye ta asalin sunanmu. Tana suya, ba ta ma juyo ba.

"Haberkorn ne, Lidiya. Rashawa ba su da harafin H, sai suka maƙala mana G."

Na ce ai Baba ya sha gaya mini sunan manya ne.

"Manyan ina? Hatsin doki suke sayarwa a ƙasar Hesse, can Jamus. Ma'anar ke nan, ƙwayar hatsin doki."

Na yi dariya har na ƙware. Ta ce wani Johann ne ya baro Jamus lokacin da sarauniyar Rasha ta gayyaci manoma, ya yi gona a bakin kogin Volga. Daga shi sai Konrad, Filipp, Adam. A 1941, da yaƙi ya ɓarke da Jamus, aka zuba su Adam a jirgin ƙasa na shanu, aka juye su nan ƙasar Kazakawa cikin sanyi, Yakov yana goye. Wasu Kazakawa makiyaya suka raba ɗakinsu biyu suka ba su rabi. Tana cikin ba da labarin, suyar ta ƙone. Mun cinye a haka.

Asabar, 20 ga Afrilu
Na koma wurin kakar. Na jero shida ba gargada.

"Na bakwai fa?"

"Sunansa ya ɓata, Kaka. Hatsin doki dai yake sayarwa."

Ta buga cinya ta ce, "Wanda ya ciyar da doki ai namu ne. Daniyar, ka yi dace, ba don halinka ba."

An sa rana, watan Agusta!

Talata, 23 ga Afrilu
Daniyar ya tambaya ko zan koma sunansu bayan biki. Na ce canza suna wahala ne, a bari tukuna. Wahalar ce kawai, ba wani abu ba.

Yau wata mata ta kira ni Gaberkon. Na gyara mata. Sau biyu ma, har ta harare ni.