Fuskar ubanta tana bangon makaranta

Assalamu alaikum, mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana. Ban yi boko ba, ban iya doguwar magana ba. Don Allah ku ji ƙarshe kafin ku zage ni.

Bandar kifi nake sayarwa a Baga Road. Na gudo daga garinmu da 'yata Falmata tana ƙarama, yanzu tana sakandare. Na gaya mata ubanta masunci ne, ruwa ya ci shi. Masunci ne, amma ruwa bai ci shi ba. Da ƙafarsa ya bi yaran daji, shi ya riƙa nuna musu gidajen mutane.

Malamarsu ta ce a yi zane a bangon makaranta, yara bibbiyu, kowa ya zana inda ya fito. Aka haɗa ta da ƙawarta Yakura. Ta dawo gida hannu duk fenti, ta ce, "Mama, yaya fuskar Baba take?" Na ce, "Irin ta kowa. Ci abincinki." Ta nace, ta nace, har bakina ya suɓuce: dogo ne, kunnen hagu a gutsure, tabon ƙugiya daga gira zuwa kumatu. Me ya hana ni ƙirƙiro wata fuskar? Wadda ta saba ƙarya, a nan ne gaskiya za ta kama ta?

Ta ja ni na je na gani. Ga shi cikin kwalekwale yana dariya. Kusa da shi Yakura ta zana gidansu yadda uwarta ta ba ta labari: shuɗiyar ƙofa, keken ɗinki a zaure, wuta. Na san ƙofar nan. Gidan telan unguwarmu ne. Mijina ne ya kai su, matar telan tana tsaye tana kallonsa.

Falmata ta ce, "Kin gani? Mun jawo ruwan Baba har ƙofarsu don ya kashe wutar." Na ce ya yi kyau. Kunya ta hana ni kallonta.

Ranar Alhamis za a tara iyaye, kowace yarinya ta yi bayanin zanenta. Uwar Yakura za ta zo. Ba ta san 'yar wa 'yarta take ci da ita a kwano ɗaya ba, amma ba za ta manta kunnen nan ba. In na gaya wa Falmata, na kashe mata uba da ƙawa. In na yi shiru, a gaban makaranta za ta ji.

Me zan yi?