Tsuntsun hawa na goma sha ɗaya

Inna,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki, kodayake na san takardar nan ba za ta iske ki ba. Ko da kina raye ma ni zan karanta miki ita, ina tuntuɓe da baƙaƙen.

Mun mayar da makullin gidan hayarmu na unguwar Minguettes, can Lyon. Yaya Hadiza ta ce in dawo wurinta a Paris, an samo mini aikin ɗaukar kaya. Ta ce in bar tukwanen furenki, wai ɗakinta ba wuri, kuma wa ke shiga jirgin ƙasa da ƙasa a hannu? Ban yi musu ba. Na dai ɗauko uku, na rungume su tun daga Lyon, mutane suna kallona.

Kin tuna ranar da kika yafuto ni zuwa balko, 'yar barandar nan tamu, kin rufe baki da mayafi? Wani ɗan abu, bai kai babban yatsana ba, ya tsaya cak a iska gaban furen lawanda. Fukafukansa kamar hayaƙi. Ya zura dogon baki siriri cikin furen, ya ja da baya, ya ɓace. Kika ce sha-kauci ne, tsuntsun lambun mahaifinki na Mirriya can Nijar, ya biyo ki har hawa na goma sha ɗaya. Daga ranar kika fara aike na sayen jajayen furanni masu wuyan mazurari, don ya riƙa samun abin sha.

Inna, ga abin da na ɓoye. Mai sayar da furen ya gaya mini babu irin tsuntsun nan a Faransa, wai dangin malam-buɗe-littafi ne. Ban yarda ba. Na yi kwana uku ina dako, na kife ɗaya da kofin gilashi. Ƙafa shida, 'yan ƙahonni biyu. Na sake shi. Da kika tambaye ni abin da Baturen ya ce, na ce ya ce a ƙara jan fure. Ki yafe mini.

Amma wani abu yana dawo mini. Ke da ba ki iya ganin tantabara ba ki watsa mata gero ba, shekara huɗu ba ki taɓa ajiye masa ko ƙwaya ɗaya ba. Kin sani ashe? Ni kike lallaɓawa, ko ni nake lallaɓa ki?

Tukwanen suna bakin tagar Yaya yanzu. Sati biyar shiru, ina ba su ruwa, tana yi mini tsiya. Ran Juma'a da la'asar sai ga shi, ya tsaya a iska, rana ta ratsa fukafukansa, har na ji kamar ƙamshin turarenki. Yaya ta aje wukar albasa, ta tambaye ni a hankali ko mene ne. Na ce mata tsuntsunki ne. Washegari ita da kanta ta sayo tukunya ta huɗu.

Allah Ya sa kina cikin lambun da ya fi na Mirriya. Sai mun zo.

Autanki mai ban ruwa,
Mamman Sani