Hancin Takwara

Garwa

Hafsatu, an haihu, namiji!

Yi haƙuri, murna ta riga gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da yara da mutanen Tibati baki ɗaya. Henriette matar ɗana Mahfuzu ta sauka lafiya, kuma sunana za a sa wa yaron. Da hannuna nake rubuta miki wannan, don ki san makarantar yamma da nake zuwa da furfurata ba ta tafi a banza ba.

Da aka miƙo mini shi a asibiti sai na ce masa, "Lallai an haifo mana sarkin kyau. Dubi hanci kamar an taka tumatir. Da wannan fuskar za ka ƙwace mini Mairamu?" Uwargidana Mairamu ta yi ta dariya, wai angonta ya fi ni ko'ina. Henriette ba ta yi dariya ba, na ɗauka gajiya ce. Na dai ji ta faɗa wa mijinta wata kalma da Ingilishi tana kallona, wai sakastik. Kin san malamar Ingilishi ce. Zan tambayi malaminmu, Mesiye Wilfried, ƙila yabo ne.

Ki aiko da busasshen kifin tafkin Mbakaou saboda mai jego. Ki huta lafiya.

Yayanki, Ridwan

Tibati

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, barka da samun takwara, Allah Ya raya. Kifi yana hannun direba, amma mai jegon da za ta ci ba ta gidanka.

Mahfuzu ya kira ni a waya, don ya kasa faɗa maka. Tafiyar da Henriette ta yi Mokolo wajen mahaifiyarta bayan suna ba wankan jego kaɗai ba ne. Ta ce ba za ta dawo da ɗanta gidan da aka yi masa dariya tun ranar da ya zo duniya ba, sai dai mijinta ya kama musu haya a wata unguwa.

Yarinyar nan a kudu ta tashi, a makarantar kwana. Wa ya taɓa gaya mata kaka da jika abokan wasa ne? Ta baro danginta ta shigo cikinmu, kullum tana zullumin ranar da za a nuna mata ita bare ce, sai ga surukinta yana kushe ɗanta a gaban ungozoma. Baki shi ke yanka wuya, Yaya. Bakinka ya ɓata, shi zai gyara.

Ka gaida Mairamu. Ƙanwarka, Hafsatu

Garwa

'Yata Henriette,

Ina gaishe ki, ina gaida mahaifiyarki Monique da duk mutanen Mokolo. A wajenmu suruki ba ya doguwar magana da matar ɗansa, amma takarda ba ta da ido, don haka zan faɗa.

Na kai kalmarki aji. Mesiye Wilfried ya rubuta ta a allo, *sarcastic*. Yana cikin bayani sai wani ɗalibi ya shigo ana gab da tashi, malam ya dube shi ya ce, "Sannu da sammako." Ajin ya kwashe da dariya. Ya ce to, wannan ita ce. Na ce ashe gatse ne, mun san shi. Ya ce e, amma in mai Ingilishi ya kira mutum da kalmar nan, yana nufin zuma a baki, allura a ciki, don a kunyata wani. Nan gumi ya karyo mini. Ya sa kowa ya yi jimla da ita, na rubuta cewa ni tsoho ne sakastik. Ya ba ni maki mai kyau, ban ji daɗinsa ba.

'Yata, nawa gatsen kamar goro ne, ɗaci a farko, zaƙi daga baya. Ba ma yabon jariri a fili don gudun baki. Kuma jika abokin wasan kakansa ne. Kakana bai taɓa kirana da suna ba sai Kan Tulu, amma duk ranar Layya ni yake ɓoye wa hanta. Jikan da kakansa bai tsokane shi ba, a tambaya ko lafiya. Da yaron nake, ba da ke ba, kuma ban taɓa ganin abin da ya fi shi kyau ba. Ga shi na faɗa, Allah Ya tsare shi daga bakina.

In kin ce in daina, na daina. Kada dai ki raba ni da shi.

Babanki, Ridwan

Mokolo

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna Mairamu. Na karanta wa Mama takardarka. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce tun tana budurwa take jin tsofaffin Hausawa a kasuwar nan suna zagin jikokinsu suna cusa musu ƙosai. Ta ce boko ya cinye ni. Ni kuwa kuka na yi, don na ɗauka jinina ake kushewa.

Kada ka daina. Da mun yi arba'in za mu dawo gida.

Takwaranka ya ba ni saƙo, tunda shi ne abokin wasanka, ba ni ba. Ya ce maganar hanci, ya duba duk Mokolo bai ga mai irinsa ba, ko akwai madubi a gidan Kan Tulu?

Ka huta lafiya. 'Yarka, Henriette

Garwa

Hafsatu, sun dawo!

Sai gaisuwa. Yana kan cinyata yanzu, shi ya sa rubutun ya karkace. Na ɗauko madubin Mairamu mun duba tare, kuma ɗan banzan ya yi gaskiya. Tumatirin gidanmu ne.

Ki shigo mota ki zo, ke da yara da duk wanda ke da ido a Tibati. Na gayyaci Monique, na gayyaci Mesiye Wilfried da ajinmu kaf. Ku zo ku ga mummunan da ya ƙwace mini mata.

Yayanki, Kan Tulu