Ni Na Jiƙa Yashin Maigidana

Anti, don Allah ki taimake ni kafin Litinin, na rasa inda zan sa kaina.

Watanmu tara da aure. Maigidana injiniya ne, aikinsu ƙera taya da sifirin na 'yar motar nan da ake aikawa duniyar Mars ta yi yawo ba direba. Ni kuwa da littattafan soyayya na tashi, na ɗauka ango zai riƙa kallona har shayinsa ya huce. Shayin yana hucewa kam, amma taya ake kallo. Ɗakin da nake tanadar wa ɗanmu na fari ya girke akwatin yashi mai tudu a ciki don gwajin tayar. Yadda yake share wa tayar nan ƙura da burushi, wallahi ko lallen hannuna bai taɓa dubawa haka ba. Wata huɗu tana nutsewa a tsakiyar tudun, shi kuma yana lallashinta.

Ranar Laraba haushi ya ci ni. Yana fita na yayyafa wa yashin ruwa buta guda don in ɓata masa aiki. Kafin ya dawo saman ya bushe. Anti, sai ga taya ta haye tudu sarai, ashe ruwan ne ya ɗaure yashin! Ya fito a guje ya ɗaga ni yana juyi da ni, irin yadda nake karantawa. Tun ranar sarauniya nake. Litinin zai kai wa shugabansu sakamakon, alhali shi da bakinsa ya ce yashin duniyar Mars busasshe ne ƙayau. In na faɗa, na rasa wannan kallon. In yi shiru?

Amaryar Injiniya

Ƙanwata, ki faɗa masa yau, kada ki jira Lahadi. Kishinki ba hauka ba ne, amaryar wata tara tana da hakkin a dube ta, a nan maigidan ya gaza. Amma a wurin aiki za su maimaita gwajin a busasshen yashi, taya ta nutse a gaban shugabansa, mutuncinsa ya bi ta.

Ki faɗi zancen butar, ki faɗi dalili, ban da kalaman littafi. Zai yi fushi, ki bar shi ya huce. Sannan ki nemi abu ɗaya: lokacin cin abinci a rufe ɗakin yashi.

Ki kuma tuna, da murna ta kama shi, ba tayar ya runguma ba. Wurinki ya rugo. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sa tayar ta hau tudun da ƙarfinta.